Feshin Guba Ko Yaƙar Ƙwaro da Ƙwaro: Zaɓin Hanyar Magance Tsutsar Amfanin Gona

Manomin da ya shiga gonarsa da sassafe ya tarar ganyen masara ya yi huji-huji, ko ganyen tumatir ya yi fari-fari kamar wuta ta lashe shi, yakan samu kansa tsakanin shawara biyu masu karo da juna. Wasu za su ce ya goya injin feshi tun rana ba ta ɗaga ba, wasu kuma su ce feshin ne ke ƙara dagula lamarin, domin yana kashe ƙwarin da ke cin tsutsar. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, sai dai kowace gaskiya tana da lokacinta, kuma lokacin shi ne abin da aka fi mantawa da shi idan ana wannan muhawara.

Ɓarnar da ake magana a kanta ta 'ya'yan malam-buɗe-littafin dare ce, wato ƙwaron nan mai fukafukai masu ƙura da ke zagaye fitila. Uwar ba ta cin shuka, ƙwai kawai take sakawa, tsutsar da ta ƙyanƙyashe ita ce mai ci. Daga cikin waɗanda suka fi addabar manoma a duniya akwai tsutsar masara da masana ke kira Spodoptera frugiperda, wadda asalinta nahiyar Amurka ce, aka fara ganin ta a Afirka a 2016, ta isa Indiya a 2018, ƙasar Sin a 2019, sannan Ostareliya a 2020. Akwai Tuta absoluta mai haƙa rami a cikin ganye da 'ya'yan tumatir, wadda ta fito daga Kudancin Amurka ta ɓulla a Sifen a 2006. Akwai Helicoverpa armigera mai huda auduga da tumatir, da Plutella xylostella ta kabeji, da Maruca vitrata mai lalata furen wake, da Cydia pomonella ta tuffa, ga kuma masu huda karan dawa da masara.

Tazarar da komai ya rataya a kanta

A ɗauki tsutsar masara a matsayin misali. Uwar tana saka ƙwai curi-curi, 100 zuwa 200 a curi ɗaya, ta lulluɓe su da gashin jikinta, kuma a lokacin zafi sukan ƙyanƙyashe cikin kwana biyu zuwa uku. Tsutsar tana bin matakan girma shida a cikin kimanin mako biyu, sannan ta sauka ƙasa ta kwanta, ta fito da fukafukai, zagayen duka ya cika a wajen wata guda. A kwanakin farko ba ta da ƙarfin huda ganye, kankare shi kawai take yi ya zama shara-shara kamar farar leda, kuma a lokacin tana fili, kowane magani yana samun ta. Da ta girma sai ta shige cikin mazurarin ganyen da ke tsakiyar shukar, ta toshe bayanta da kashinta. Duk wanda ya taɓa ware wannan mazurari da yatsunsa ya san abin da zai gani: danshin kashi kamar dusar katako, a ƙarƙashinsa ƙatuwar tsutsa ɗaya ko biyu, domin manyan suna cinye ƙananan, da alama mai kama da harafin Y a kife a goshinta da ɗigo huɗu a kusa da wutsiya. Sama da kashi uku cikin huɗu na duk abin da za ta ci a rayuwarta a matakin ƙarshe take cin sa.

Ma'anar wannan ita ce ranar da ɓarna ta fito fili har mai wucewa a bakin hanya yana ganin ta, tsutsar ta riga ta ɓuya, ta yi ƙarfi, kuma ta kusa gama cinta. Saboda haka zaɓin magani yana farawa ne daga zagayen gona. A ratsa ta a karkace sau ɗaya ko biyu a mako, a tsaya a wuri biyar, a duba shuka goma ko ashirin a kowane wuri. Jagororin noman masara sukan ba ƙaramin manomi shawarar ɗaukar mataki idan kimanin kashi 20 cikin 100 na ƙananan shuke-shuke suna da sabuwar ɓarna, ko kimanin kashi 40 idan masarar ta tasa, domin masara mai samun ruwa da taki tana iya mayar da ganyen da aka ci ba tare da amfanin ya ragu sosai ba.

Ma'aunan da za a bi

Na farko shi ne girman tsutsar da hanyar za ta iya kashewa, da kuma ko tana isa inda ta ɓuya. Na biyu sauri. Na uku kuɗi, wanda ya kamata a lissafa shi a kan damina ko rani gaba ɗaya, tare da yawan maimaici da ladan ma'aikata, domin farashin kwalba ɗaya yana yaudara. Na huɗu ɗorewa, kuma iri biyu ce: kwanakin da maganin ke yi a kan ganye yana aiki, da shekarun da zai yi kafin ƙwaron ya saba da shi. Na biyar sauƙin samu da ajiya da aiki. Na shida haɗari ga mai feshi, da mai cin amfanin, da ƙudan zuma, da kifi, da ƙwarin da ke taimakon gona.

A jikin kwalabe da yawa akwai lambar rukuni, wadda ke nuna ta inda sinadarin ke kashe ƙwaro. Da ita za a yi bayani a nan, domin sunayen kasuwa ba su ƙirguwa alhali sinadaran kaɗan ne.

Tsofaffin magunguna masu kashe komai

Waɗannan su ne rukuni na 1, irin su chlorpyrifos da profenofos da methomyl, da rukuni na 3, irin su cypermethrin da deltamethrin da lambda-cyhalothrin. Suna bugun jijiyoyin ƙwaro, kuma idan suka taɓa tsutsar da ba ta saba da su ba, cikin sa'o'i za a ga ta faɗi. Su ne mafi araha a kwalba, su ne mafi sauƙin samu, kuma ba sa lalacewa da wuri a ajiya. Wannan ne ya sa hannu ke fara kai wa gare su.

Matsalarsu ta farko ita ce tsutsotsin nan sun daɗe da sanin su. Tsutsar kabeji ta fara jure wa maganin ƙwari na DDT a tsibirin Jawa na Indunusiya tun 1953, tsutsar auduga kuma ta turje wa rukuni na 3 a Ostareliya a 1983, kuma tsutsar masara ta iso sabbin nahiyoyi ɗauke da juriyar da ta samo a ƙasashenta na asali. Idan magani ya daina ci, abin da manomi ya saba yi shi ne ya ƙara awo ya kuma ƙara yawan feshi, a nan ne arahar ke komawa tsada. Matsala ta biyu ta fi ta farko ɓoyuwa. Maganin yana share gizo-gizo da tururuwa da ƙananan zanzaron da ke cin ƙwai da tsutsa, alhali babbar tsutsar tana kwance lafiya a cikin mazurari ko a cikin 'ya'yan itacen. Bayan mako biyu sabon ƙyanƙyasa yakan tarar da gona babu mai tsaronta, wani lokaci ma darɓa da farin ƙuda da jan ƙwaro mai saƙa, waɗanda a da ba a damu da su ba, su ɓarke.

Ta fuskar lafiya, rukuni na 1 shi ne mafi haɗari ga mai feshi. Alamomin gubarsa sun haɗa da yawan gumi, da dalalar miyau, da amai, da ƙanƙancewar ƙwayar ido, da sarƙewar numfashi, kuma duk wanda ya nuna su asibiti ya kamata a kai shi nan take tare da kwalbar. Tarayyar Turai ta janye izinin chlorpyrifos a 2020. Rukuni na 3 ya fi sauƙi ga mutum, ko da yake yana sa zafi da ƙaiƙayin fuska, amma yana hallaka kifi da ƙudan zuma.

Sabbin magunguna masu zaɓe

A nan akwai spinosad da spinetoram a rukuni na 5, emamectin benzoate a na 6, lufenuron a na 15, indoxacarb a na 22, da chlorantraniliprole da flubendiamide a na 28. Mafi yawansu sai tsutsa ta ci ganyen suke yi mata aiki sosai, kuma wasu suna ratsa fatar ganye su shiga cikinsa, abin da ya sa suke samun mai haƙa rami irin ta tumatir. Rukuni na 28 yana sandarar da naman jikin tsutsa ta daina ci cikin ɗan lokaci, ko da mutuwarta ta ɗauki kwana ɗaya zuwa uku, kuma kariyarsa takan kai wajen mako biyu. Lufenuron yana hana ta yin sabuwar fata ne, saboda haka sai lokacin saɓa ya zo ake ganin aikinsa.

Kwalbarsu tana da tsada, amma awon da ake zubawa kaɗan ne ƙwarai kuma maimaicin bai kai na tsofaffin ba, don haka tazarar kuɗin takan ragu idan aka yi lissafin ƙarshen kaka. Tsadar tana jawo jabu, kuma ƙanƙantar awon tana bukatar ma'auni na gaskiya, ba murfin kwalba ba. Haɗarinsu ga mutum ya fi na rukuni na 1 sauƙi nesa ba kusa ba, amma kalmar zaɓe ba ta nufin ba su da laifi. Spinosad da emamectin suna kashe ƙudan zuma da ƙananan zanzaro muddin feshin bai bushe ba, shi ya sa ake yin su da yamma kuma a kauce wa lokacin fure. Amurka ta soke rajistar flubendiamide a 2016 saboda illarsa ga ƙananan halittun ruwa.

Babban abin tsoro shi ne saurin da ake ƙone su. Rukuni na 28 ya shigo kasuwa a wajen 2007 da 2008, amma cikin 'yan shekaru tsutsar kabeji ta jure masa a ƙasar Sin da kudu maso gabashin Asiya, ta tumatir kuma a Italiya da Barazil, domin manoma sun ga yana ci sai suka riƙe shi shi kaɗai. Ƙa'idar ita ce kada a yi wa zuriya biyu a jere magani daga rukuni ɗaya, wato a sauya lamba bayan kimanin kwana 30. Sauya sunan kamfani ba sauyi ba ne idan lambar ba ta canza ba.

Cututtukan tsutsa da ake fesawa

Wanda ya fi shahara shi ne Bt, wato bakteriyar Bacillus thuringiensis, wadda aka fara gano ta a tsutsar siliki a Japan a 1901, aka sa mata suna a Jamus bayan masanin kimiyya Ernst Berliner ya sake gano ta a 1911, aka fara sayar da ita a Faransa a 1938. Tsutsa ce ke cin ta tare da ganye, gubar ta narke a hanjinta ta huda shi, ta daina ci cikin sa'o'i, ta mutu bayan kwana biyu ko uku. Nau'in kurstaki da aizawai su ne na tsutsar malam-buɗe-littafi, ba sa taɓa mutum ko zanzaro, kuma ana iya girbi kusan nan take bayan feshi. A kan ƙaramar tsutsa mai ci a fili aikinsa yana da kyau sosai. A kan babba, ko wadda ta shige cikin kara ko 'ya'ya, kusan asarar kuɗi ne. Hasken rana yana karya shi cikin 'yan kwanaki, ruwan sama yana wanke shi, saboda haka da yamma ake fesa shi kuma a maimaita bayan kwana biyar zuwa bakwai. Shi ma ba gagara-badau ba ne, domin an tabbatar da tsutsar kabeji ta jure masa a gonakin Hawai a 1990.

Akwai kuma ƙwayoyin bairos waɗanda kowannensu nau'in tsutsa ɗaya ko 'yan uwanta na kusa kawai yake kamawa. Sun fi Bt jinkiri, sukan ɗauki kusan mako guda, amma mutuwar tana yaɗa cutar: tsutsar takan hau can saman shuka ta rataya kai a ƙasa, jikinta ya yi laushi ya fashe, ruwan ya zuba a kan ganyen da 'yan uwanta za su ci. Manoma a Barazil da Indiya sun daɗe suna tattara irin waɗannan gawarwaki su niƙa su tace su sake fesawa. Sharaɗin shi ne a san ainihin nau'in tsutsar, kuma a samu wurin ajiya mai sanyi. Fumfunar Beauveria da Metarhizium kuwa danshi suke so, a busasshen yanayi ba a dogara da su.

Ruwan 'ya'yan darbejiya yana kusa da wannan layi. Sinadarinsa yana hana tsutsa ci da girma, yana da arha ga mai itacen, amma ƙarfin wanda aka haɗa da hannu yana hawa da sauka, kuma rana tana kashe shi da wuri.

Ƙwari masu cin ƙwari

Duk wanda ya taɓa fasa ɗakin laka na zanzaro ya ga tsutsotsin da ya jibge wa 'ya'yansa a ciki ya riga ya fahimci wannan hanya. Waɗanda ake kiwo domin gona sun fi shi ƙanƙanta ƙwarai. Trichogramma bai kai milimita ɗaya ba, yana saka ƙwansa a cikin ƙwan malam-buɗe-littafi, bayan 'yan kwanaki ƙwan ya yi baƙi, maimakon tsutsa sai wani ɗan zanzaro ya fito. Wannan hanya tana kashe ɓarnar kafin a ciji ganye ko ɗaya. Ana kawo shi a manne a kati a rataya a gona, kuma dole sakin ya dace da lokacin saka ƙwai, a maimaita shi sau da dama domin kwanakin rayuwarsa kaɗan ne. Curin ƙwan tsutsar masara mai hawa-hawa da gashi yana ba shi wahala, wani ɗan zanzaron mai suna Telenomus remus ya fi shi iya kutsawa. A ƙasashen Sahel irin su Nijar da Burkina Faso da Mali an yi amfani da zanzaron Habrobracon hebetor a kan tsutsar zangarniyar gero, ta hanyar rataya 'yan buhunan algarara masu ɗauke da hatsi da tsutsar kiwo da matan zanzaron, 'ya'yansu su riƙa fita ta ramukan buhun suna bazuwa a gonaki. A Kenya kuma cibiyar binciken ƙwari ta icipe ta saki zanzaron Cotesia flavipes a 1993 domin mai huda kara, ya zauna ya yaɗu da kansa.

Haɗarin wannan hanya ga mutum babu shi, kuma ƙwaro ba ya sabawa da mai cin sa kamar yadda yake sabawa da guba. Rauninta shi ne kaya ne mai rai, ba ya jiran mota ko zafin ɗakin ajiya, ba ko'ina ake da masu kiwonsa ba, kuma feshi ɗaya na rukuni na 3, ko da daga gonar maƙwabci iska ta kwaso shi, yana iya shafe aikin wata guda. Akwai ɓangarenta da ba ya cin ko sisi, wato barin abokan gāban tsutsa da ke gonar tun asali su rayu ta hanyar jinkirta feshin farko.

Ƙamshin kiran namiji da tsarin shuka

Macen tana fitar da wani ƙamshi da ke kiran namiji daga nesa, wanda masanin kimiyya Adolf Butenandt ya fara tantance irinsa a Jamus a 1959. Tarko mai ɗauke da kwaikwayonsa maza kawai yake kamawa, don haka amfaninsa na gaskiya shi ne ya sanar da manomi cewa ƙwaron ya iso, kuma sai an sauya ƙamshin bayan mako huɗu zuwa shida. Cika gona da ƙamshin har namiji ya kasa gano mace yana aiki a manyan lambunan tuffa da inabi da rufaffun rumfunan tumatir, kuma yana cikin abubuwan da Amurka ta haɗa, tare da audugar da aka sarrafa irinta ta riƙa samar da gubar Bt a jikinta da sakin ƙwarin da aka hana haihuwa, har ta bayyana kawar da jar tsutsar auduga a 2018. A ƙaramar gona mai maƙwabta ba ya tasiri, domin macen da ta riga ta haɗu da namiji a wani wuri za ta shigo ta yi ƙwai. Tsarin kora da janyowa da icipe ta ɓullo da shi tare da cibiyar Rothamsted ta Ingila, inda ake shuka tsiron Desmodium a tsakanin masara domin ya kori ƙwaron, da ciyawar Napier ko Brachiaria a kewaye domin ta janye shi, yana rage mai huda kara da tsutsar masara, amma shiri ne na kafin shuka, ba ya ceton gonar da ake ci yau.

| Hanya | Matakin da take ci | Sauri | Kuɗi a kaka | Ɗorewa | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Rukuni na 1 da 3 | Tsutsar da ke fili | Sa'o'i | Arha, amma maimaici yana ƙara shi | Juriya ta yaɗu | Babba |
| Rukuni na 5, 6, 22, 28 | Ƙarama da matsakaiciya | Kwana 1 zuwa 3 | Matsakaici zuwa tsada | Mai kyau idan ana sauya lamba | Matsakaici |
| Bt | Ƙarama kawai | Kwana 2 zuwa 3 | Matsakaici | Kwanaki kaɗan a ganye | Ƙanƙani |
| Bairos | Ƙarama, nau'i ɗaya | Kusan mako | Matsakaici | Yana iya yaɗuwa | Ƙanƙani |
| Zanzaron ƙwai | Ƙwai | Rigakafi ne | Ya danganta da kusancin mai kiwo | Sai an maimaita saki | Babu ga mutum |
| Cika gona da ƙamshi | Kafin haɗuwa | Rigakafi ne | Tsada | Makonni zuwa watanni | Ƙanƙani |

Wace ce ta wa

Wanda ya makara, ya tarar da tsutsa ta tasa kuma ɓarnar ta haura iyakar da aka ambata, ba shi da lokacin jiran Bt ko zanzaro. Abin da ya dace da shi shi ne ɗaya daga cikin sabbin magunguna, da yamma ko da asuba lokacin da tsutsar ke motsi, a saita bakin feshi cikin mazurarin kowace shuka, da safar hannu da takalmi da abin rufe hanci, sannan feshi na gaba ya fito daga wata lamba. A ganina tsofaffin magungunan ba su cancanci zama zaɓin farko ba ko a nan, sai inda babu wani kuma an ga har yanzu suna ci.

Wanda ke zagaya gonarsa a kai a kai, ya ga ƙwai ko ganye mai shara-shara, shi ne Bt da bairos da darbejiya suka yi wa rana, kuma idan gonar ƙarama ce murƙushe curin ƙwai da yatsa yana rage aiki fiye da yadda ake zato.

Mai kayan lambu da ake tsinka duk bayan 'yan kwanaki, kamar tumatir da kabeji, matsalarsa ita ce kwanakin jira da aka rubuta tsakanin feshi da girbi, waɗanda ba za su yiwu da tsofaffin magunguna ba. Gara ya kafa aikinsa a kan tarko da Bt, ya cire ganye da 'ya'yan da suka kamu ya binne, ya ajiye rukuni na 5 ko na 28 domin lokacin da tarko ya nuna ƙwaron ya yi yawa. Haka ma mai sayar wa kasuwar da ke gwada ragowar magani, da wanda gonarsa ke kusa da amya ko tafkin kifi.

Mai rufaffiyar rumfa ko babban lambun itatuwa shi ne zai ci ribar cika wuri da ƙamshi da sakin ƙwari masu amfani, domin yana da iko da iyakokinsa. Ƙananan manoma masu gonaki a manne da juna kuwa ba za su ga amfanin waɗannan biyun ba sai sun haɗa kai, sun yi shuka a lokaci ɗaya, sun yi saki a mako ɗaya, kuma sun amince cewa babu wanda zai fesa rukuni na 1 ko na 3 a makonnin da zanzaron ke aiki.